Wa Ya Mallaki Saman Gidanka?

Duk wanda zai nemi kuɗi da jirgi maras matuƙi a Amurka, ko hoton biki zai ɗauka ko gona zai auna, sai ya zauna jarrabawar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, wato FAA. Tambayoyi 60 ne cikin sa'o'i biyu, kuma dole ya ci kashi 70 cikin ɗari. Abin mamaki shi ne babu inda za a ce ya tayar da jirgin a ga ƙwarewarsa. Za a gwada shi a karatun taswirar sama, da fassara rahoton yanayi, da sanin inda ikon hasumiyar filin jirgi ya tsaya. Ko hannunsa ya iya sarrafa na'urar ko bai iya ba, hukuma ba ta tambaya. Abin da take son tabbatarwa shi ne ya san sararin wa ya shiga, kuma Amurkawa sun kusa shekara ɗari suna jayayya a kan wannan batu.

Tsohuwar ƙa'idar da suka gada daga shari'ar Ingila ta ce mai fili ya mallaki abin da ke ƙarƙashinsa har tsakiyar ƙasa, da abin da ke bisansa har iyakar sama. Muddin tsuntsaye kaɗai ke ketawa, ƙa'idar ba ta takura wa kowa ba. Da jirgin sama ya zo sai ta zama abin dariya, domin matuƙin da ya tashi daga gari zuwa gari zai keta haddin dubban mutane kafin ya sauka. A 1926 majalisar dokokin Amurka ta ayyana sararin da jirage ke bi a matsayin hanyar kowa. Amma daga ina hanyar ta fara?

Wani mai kiwon kaji ne ya tilasta wa Kotun Ƙoli duba tambayar. Thomas Lee Causby yana da 'yar gona kusa da filin jirgin Greensboro a jihar North Carolina. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen soja suka riƙa wucewa ta kansa a tsayin ƙafa 83 kacal, wato ƙafa 18 bisa itacensa mafi tsawo. Ƙarar ta sa kajin suna firgita suna buga kansu da bango, har kusan 150 suka mutu, sana'ar ta durƙushe. A watan Mayun 1946 kotu, ta bakin Mai Shari'a William O. Douglas, ta yanke hukunci mai baki biyu. Ta ce tsohuwar ƙa'idar ba ta da gurbi a duniyar zamani, amma mai fili yana da haƙƙi a kan sararin da ke dab da filinsa gwargwadon abin da zai iya amfani da shi, saboda haka sai gwamnati ta biya Causby diyya. Kotun ba ta ja layi ta ce ga ƙafar da haƙƙinsa ya ƙare ba. A wancan zamani wannan giɓi bai tayar wa kowa hankali ba, tunda in ban da lokacin tashi da sauka babu jirgin da ke da harka da ƙasa-ƙasa.

Tsananin da ake gani yau a dokokin sama kuwa daga wani bala'i ya samo asali. Ran 30 ga Yuni 1956 jiragen fasinja biyu, na kamfanin United da na TWA, suka yi karo a saman Grand Canyon, mutum 128 da ke ciki duk suka rasu. Suna tafiya ne a yankin da babu mai kula da su daga ƙasa, kowane matuƙi ya dogara da idonsa. Bayan shekara biyu aka kafa FAA, aka damƙa mata ikon sararin ƙasar baki ɗaya. Tun daga nan tunanin hukumar bai sauya ba: duk abin da ke sama, a san inda yake da wanda ke da alhakinsa.

Masu wasa da ƙananan jirage na rimot ne kawai aka ƙyale. A 1981 hukumar ta fitar musu da gajeriyar takardar shawara, ba doka ba, cewa kada su wuce ƙafa 400, kuma su sanar da filin jirgi idan suna cikin mil uku da shi. Lambar tana da hikima: jirage masu ɗauke da mutane ba sa sauka ƙasa da ƙafa 500 a bayan gari, sai aka bar ƙafa ɗari a tsakani. Da kyamara ta ƙanƙance, batir ya yi sauƙi, abin wasa ya zama kayan sana'a, sai hukumar ta sanar a 2007 cewa wannan sassauci bai shafi mai neman kuɗi ba. Matsalarta ita ce sanarwa ce kawai, ba doka ba.

Wani mai ɗaukar hoto, Raphael Pirker, shi ya bankaɗo wannan rauni. A watan Oktoban 2011 ya tayar da wani jirgin soso, wanda nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, a harabar Jami'ar Virginia domin bidiyon talla. FAA ta ci shi tarar dala 10,000 bisa zargin tuƙin ganganci. A Maris 2014 alƙalin hukumar binciken haɗurran sufuri ya soke tarar, yana mai cewa in aka bi fassarar FAA, har yaron da ya jefa jirgin takarda zai iya faɗawa hannunta. Murnar masu sana'ar ba ta daɗe ba, domin a Nuwamba manyan hukumar suka juya hukuncin, suka ce duk na'urar da aka ƙera don tashi a sama jirgi ce, komai ƙanƙantarta. Pirker ya biya dala 1,100 aka rufe magana ba tare da ya amsa laifi ba. Kuɗin ba wani abu ba ne. Abin da FAA ta samu shi ne tabbacin ikonta ya sauko har kan ciyawa.

A tsakanin nan an yi wani tsari na wucin gadi da ya kai a kira shi wauta. Daga Satumbar 2014 hukumar ta fara ba kamfanoni izini ɗaya bayan ɗaya, ta faro da wasu kamfanonin fim shida, da sharaɗin mai riƙe da rimot ya zama yana da lasisin tuƙin jirgin gaske. Wato mai son ɗaukar hoton rufin gida sai ya fara cika aƙalla sa'o'i 40 yana koyon tuƙi a sama. Dubban takardun neman izini suka taru, wasu kuwa suka ci gaba da aikinsu a ɓoye.

Dokar da ake kira Sashe na 107, wadda ta fara aiki ran 29 ga Agusta 2016, ita ta kawo ƙarshen wannan. Ta ƙirƙiro lasisin "matuƙi daga nesa" ga duk wanda ya kai shekara 16, ya ci jarrabawa, jami'an tsaro suka tantance shi. (Mu muna cewa jirgi maras matuƙi, doka kuwa ta dage cewa matuƙin yana nan, a ƙasa yake tsaye.) Jirgin kada ya kai kilo 25, kada ya wuce ƙafa 400, kada ya ɓace wa idon mai tuƙi, kuma duk bayan wata 24 a sabunta ilimi. A sararin da babu mai kula da shi, a tashi ba neman izini. Kusa da filayen jirage kuwa sai da yardar hukuma, wadda da farko kan ɗauki watanni, kafin a ɓullo da tsarin nema ta manhajar waya da ke ba da amsa nan take. Daga baya aka wajabta wa jiragen su riƙa watsa lambarsu da inda suke, kamar lambar mota.

A wannan shekara ta 2016 Najeriya ta bi wata hanyar. A watan Mayu hukumar NCAA ta haramta tayar da irin waɗannan jirage sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A ƙasar da ke fama da 'yan bindiga, ba a rasa hujjar hakan ba. Amma a ganina Amurka ta riga ta gwada tsarin izini ɗaya bayan ɗaya, ta ga bai rage yawan jiragen ba, sai dai ya rage waɗanda hukuma ta san da zamansu. Duk wanda ya halarci babban biki a Kano ko Kaduna a 'yan shekarun nan ya ji ƙugin abin a bisa kansa.

Giɓin da shari'ar Causby ta bari kuwa har yanzu yana nan, kuma a cikinsa waɗannan jirage suke yawo. A 2015 wani magidanci a jihar Kentucky ya harbo ɗaya da bindiga, ya ce a saman gidansa yake shawagi yana leƙen iyalinsa. Alƙaliyar yankin ta sallame shi. Mai jirgin ya garzaya kotun tarayya yana neman ta bayyana cewa sararin da jirginsa yake na kowa ne, ba na mai gida ba. A 2017 kotun ta kori ƙarar, ta ce ba ta da hurumin sauraronta.