Isaac Fadoyebo: Tsohon Sojan da Bai Manta Alheri Ba

A shekarar 1942, Yaƙin Duniya na Biyu yana tsakiyar ci, wani yaro ɗan shekara 16 daga Emure-Ile, kusa da garin Owo a Jihar Ondo ta yanzu, ya ba da sunansa aka rubuta shi soja. Sunansa Isaac Fadoyebo. Turawan Ingila sun horar da shi aikin jinyar waɗanda suka ji rauni, suka sa shi cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta ƙunshi ɗimbin 'yan Arewa. Jirgin ruwa ya kwashe su zuwa Indiya, daga nan sai dazukan Burma, ƙasar da ake kira Myanmar a yau.

Da safiyar 2 ga Maris 1944, sojojin Japan suka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan. Aka kashe da yawa daga abokan aikinsa. Harsashi ya farfasa masa ƙashin ƙafa, maharan suka tafi suka bar shi kwance cikin jini, a zatonsu ba zai kai labari ba. Ya yi makonni a daji, ga sauro, ga yunwa, ga rauni yana ruɓewa, tare da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, wanda shi ma ya ji ciwo.

Allah ya kawo musu ɗauki ta hannun wani manomi Musulmi, talaka, mai suna Shuyiman. Da farko shinkafa da ruwa yake kai musu a ɓoye, daga baya ya shigar da su cikin gidansa, tsakanin matarsa da 'ya'yansa. Ya san sarai idan Japanawa suka gano, ransa da na iyalinsa ne a bakin takobi. Haka suka rayu kusan wata tara, har sojojin ƙawance suka iso a Disambar 1944.

Isaac ya dawo gida da ɗingishi, ya tarar danginsa sun riga sun fid da rai da shi. Bai zauna yana jiran tausayin kowa ba. Ya nemi ilimi, ya kama aikin gwamnati a Legas, ya yi aure, ya tarbiyyantar da 'ya'yansa har ya ga jikoki. Ya kuma zauna ya rubuta abin da ya same shi a littafi, wanda aka buga a 1999.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai sama da shekara sittin: bai sami damar yi wa Shuyiman godiya yadda ya kamata ba. A 2011 ɗan jarida Barnaby Phillips na tashar Al Jazeera ya ɗauki wasiƙarsa har Burma. Shuyiman ya riga ya rasu, amma an sami 'ya'yansa, aka karanta musu, suka yi ta kuka. Hausawa sun yi gaskiya, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Isaac ya rasu a Nuwambar 2012.

Dubban tsofaffin sojojin Burma daga Kano, Zazzau, Sakkwato da Borno sun koma ga Mahaliccinsu ba wanda ya rubuta labarinsu. Duk gidan da ke da tsohon hoto, ko lambar yabo, ko labarin da kaka ya bari, a adana shi, a kuma rubuta wa jikoki.