Malami da Na'ura: Abin da Tarihin Koyarwa daga Nesa Ya Nuna a Nijar da Nijeriya

Gabatarwa

Duk lokacin da wata sabuwar na'ura ta shigo, akan sami masu cewa kwanan allo da alli ya ƙare. An faɗi haka game da rediyo da talabijin, ana kuma faɗinsa game da kwamfuta da wayar hannu. A wannan maƙala za mu waiwayi yunƙuri biyu da aka yi a ƙasashenmu, ɗaya a Jumhuriyar Nijar, ɗaya a Nijeriya, domin mu ga abin da ya sa wani ya ɗore, wani kuwa ya tsaya.

Kafin mu shiga, ya kyautu mu tuna cewa ba na'ura ce ta kawo mana musayar magana tsakanin malami da ɗalibi ba. A makarantar allo yaro yakan biya karatunsa a gaban malam, malam ya gyara masa, kuma ba a yi masa ƙari sai ya riƙe na baya. Wannan shi ne ma'aunin da za mu auna kowace na'ura da shi, watau ko tana ba ɗalibi damar mayar da jawabi a gyara masa.

Talabijin na Makarantu a Nijar

A shekarar 1964 aka fara gwajin koyarwa ta talabijin a Yamai da taimakon Faransa. Dalili kuwa shi ne ƙarancin horarrun malamai. Zuwa 1966 shirin ya kai azuzuwa 22 masu ɗauke da yara kimanin 800. Ƙwararru suna shirya darussa da Faransanci a watsa su, a cikin aji kuwa akwai mai lura, wanda iliminsa bai wuce na firamare ba, aka yi masa ɗan gajeren horo. Aikinsa shi ne ya sa yara su maimaita, su kwaikwayi abin da suka gani, su yi aiki a takarda.

Shirin ya yi suna, domin yaran sun saki baki da Faransanci, kuma ba su cika barin makaranta ba. Amma ya daɗe a keɓe, ba a haɗa shi sosai da sauran makarantun gwamnati ba, malaman da suka sami cikakken horo kuma ba su ɗauke shi nasu ba. Ga tsadar kayan aiki, ga dogaro da ƙwararru na waje. A 1979 gidan talabijin na ƙasa, watau Télé Sahel, ya gaji kayan aikin, koyarwa ta wannan hanya kuma ta kau. Ƙasar Kodebuwa ta yi irin wannan shiri mai girman gaske daga 1971, tana shirya darussa a Buwake, amma bayan kamar shekara goma ita ma ta rufe shi saboda tsada da ƙorafin iyaye da malamai.

Cibiyar Malamai ta Kaduna

Nijeriya ta gamu da irin wannan matsala a 1976, sa'ad da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika makarantu, horarrun malamai suka yi kaɗan. A shekarar aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Ita ba ta nemi maye gurbin malami ba, ɗaga shi ta nema. Malami yana kan aikinsa ake ba shi littattafan da aka tsara domin karatun kai da kai, sa'an nan a ƙarshen mako da lokacin hutu ya je cibiyar karatu mafi kusa, ya yi tambaya, a duba aikinsa. Da haka malamai masu yawan gaske suka sami takardar malanta mai daraja ta biyu, daga 1990 kuma aka ƙara da ta NCE. Kayan aikinta na dā ne, watau takarda da malami, amma hanyar mayar da jawabi a buɗe take.

Kammalawa

Ba muna cewa na'ura ba ta da amfani ba ne. A Nikaragwa, daga 1974, an koyar da lissafi ta rediyo, mai magana yana dakatawa yara su amsa da baki, malami yana tsaye yana lura, aka kuwa ga ci gaba. A 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, jihohi da dama sun koma ga rediyo, domin ita ce ta fi intanet isa ƙauye. Amma yaron da bai gane ba ya rasa wanda zai tambaya.

Saboda haka shawararmu ga masu tsara manufa uku ce. A fara horar da malami kafin a sayo na'ura. A zaɓi wadda ƙasa za ta iya gyarawa da kuɗinta bayan masu ba da taimako sun tafi. A kuma tabbata kowane darasi, ko a aji ko daga nesa, yana da wurin da ɗalibi zai biya, a ji, a gyara masa.