Injin Zuƙe Ƙura na Cikin Bango da Tsarin Gidan Bahaushe: Nazari daga Arewacin Zamfara

Gabatarwa

A Amurka da Kanada akwai gidajen da tun wajen gini ake dasa musu injin shara, tare da wayar lantarki da bututun ruwa. Wannan nazari zai duba yadda na'urar ke aiki da irin gidan da aka ƙera ta dominsa, sannan ya auna ta da gidajen Katuru da sauran garuruwan Shinkafi, Zurmi da Kaura Namoda. Hujjar nazarin ita ce, na'urar ba ta dace da gininmu ba, amma hikimar da aka gina ta a kai ta shafe mu ƙwarai.

Asalinta da yadda take aiki

A 1901 Hubert Cecil Booth ya ƙera injin zuƙe ƙura a Ingila. Girmansa ya sa sai doki ke jan sa, a tsayar da shi bakin titi, a zura tiyo ta taga. A 1902 David Kenney ya kafa irinsa a ginin Frick da ke Pittsburgh, injin na zaune wuri guda, bututu ya ratsa benaye. Da kamfanin Hoover ya fara sayar da na hannu a 1908, sai na dasawa ya ja baya. Bai farfaɗo a gidajen jama'a ba sai da bututun roba ya yi araha wajen shekarun 1960.

A yau ana ajiye injin a gareji ko ɗakin ƙasa. Bututu mai faɗin inci 2 yana bi ta cikin bango ya ɓullo a ɗakuna, kowane baki da murfinsa. Mai shara za ta jona tiyo mai tsawon kusan mita 9, injin ya tashi, datti ya zube a bokitinsa, iskar kuma a fesar da ita wajen gida. A kicin akan buɗe wata 'yar kafa a gindin kabad, daidai da daɓe. Da tsintsiya ake tara ɓarɓashi a bakinta, a taɓa makunnin da ƙafa, ta haɗiye.

Sharuɗɗan da gidanmu bai cika ba

Na farko bango ne. Gidan Amurka galibi katako ne aka kafa aka rufe da allo, cikinsa fayau, bututu ya wuce ba wahala. Katangar ƙasa a Katuru cike take, ta bulo kuwa sai an fasa ta. Ga shi kuma ɗakunan ba a ƙarƙashin rufi ɗaya suke ba. Zaure daban, turakar maigida daban, ɗakunan mata daban, tsakar gida a buɗe. Duk tsawon da bututu ya ƙara, da kowace kwana da ya yi, ƙarfin zuƙa raguwa yake.

Na biyu daɓe ne. An yi na'urar domin kafet da katako, inda dattin da za a ɗauke ya bambanta da abin da ake takawa. A tsakar gida mai rairayi, ƙasar ita ce daɓen, ita ce kuma ƙurar. Madafin da ake hura itace a murhu ya fi muni: toka na toshe matacin iska nan take, garwashi guda kuma ya isa ya tayar da gobara a cikin bututun roba.

Na uku wuta ce. Injin yakan ci wat 1,000 zuwa 2,000. Ƙaramin janareton fitila da fanka ba zai ɗauke shi ba, ƙaramar sola ma haka. Ko a Kaura Namoda, inda wayar Kaduna Electric ta kai, ba a tsara aikin safe da yamma a kan zuwan wuta.

Ita kanta ƙurar ba iri ɗaya ba ce. Ta gidan Turai akwai zaren tufafi da gashi a cikinta, waɗanda a ciki suke taruwa. Tamu daga waje take zuwa. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso garin ƙasa daga Hamada, musamman kwarin Bodele na Chadi, ta shigo da shi ta taga da ƙarƙashin kwano. Ɗakin da aka share da hantsi, kafin la'asar ana iya rubutu da yatsa a kan akwatinsa.

Abin ɗauka

Tsintsiya na kwashe abin da ido ke gani, amma tana tayar da mai laushin, wanda shi ne ke shiga huhu. Jihar Zamfara ta ga iyakar haɗarin wannan a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinare ake niƙawa a cikin gidaje, garin ya gauraya da ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Ba shara ce ta magance shi ba. Sai da aka kankare saman ƙasar aka zuba sabuwa, aikin da ya kai ƙauyen Bagega a 2013. Ko inda babu dalma, ƙura mai laushi na tayar da asma da tari.

A nan ne fifikon injin cikin bango yake: ba ya mayar da iskar da ya zuƙa cikin ɗaki. Mata sun daɗe da sanin rabin wannan, shi ya sa suke yayyafa ruwa kafin su sa tsintsiyar kwakwa a tsakar gida, su ware tsintsiyar laushi domin ɗaki.

Kammalawa

Wuraren da na'urar za ta iya amfani a yankin kaɗan ne, kamar ɗakin kwamfuta ko ɗakin gwaji a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, muddin an sa bututun tun a zanen gini. Magidancin Katuru kuwa, kuɗinsa zai fi amfani a daɓen siminti da za a iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, da tagar da ke rufuwa ruf, da silin, da kawar da yara daga wurin in ana shara.