Yadda ake bambance cutar lalacewar gaban ƙwaƙwalwa da taɓin hankali

Cutar lalacewar gaban ƙwaƙwalwa mai sauya hali, wadda likitoci ke kira bvFTD, tana cin sassan ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi da kusa da kunnuwa, inda kunya da tausayi da tsara al'amura suke. Likita Arnold Pick ne ya fara bayyana irinta a 1892. Ta fi kama mutane tsakanin shekara 45 zuwa 65, kuma da yake mantuwa ba ta cika bayyana da wuri ba, sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin taɓin hankali.

Ƙa'idojin da masana suka fitar a 2011 sun lissafa alamomi 6: zubar da kunya, mutuwar zuciya, rashin tausayi, maimaita abu guda, sauyin cin abinci kamar kwaɗayin zaƙi, da kasa tsara aiki. Samun 3 daga ciki yana sa a yi zargin cutar.

Bambanci na farko shi ne shekaru. Taɓin hankali mai sa jin muryoyi yakan fara ne a ƙuruciya, don haka magidancin da halinsa ya sauya karon farko bayan shekara 50 yana buƙatar binciken ƙwaƙwalwa. Na biyu, mai ciwon damuwa yana jin baƙin ciki har ya koka, amma mai wannan cuta bai san ya sauya ba, kuma ko a jikinsa. Na uku, ciwon da ke sauya mutum tsakanin zumuɗi da ƙunci yana tashi yana lafawa, ita kuwa wannan kullum gaba take yi.

Likitoci na dogara da bayanin iyali, gwajin tunani, da hoton MRI ko PET. Suna kuma tambayar tarihin dangi, domin akwai nau'in da ake gado, kamar na ƙwayar halitta C9orf72, wanda kan zo da ruɗani.

Har yanzu babu maganin warkarwa, amma gano cutar da wuri yana da amfani. Magungunan taɓin hankali masu ƙarfi kan sa masu cutar sanƙarewar jiki, na cutar Alzheimer kuma kan iya ƙara dagula halinsu. Sanin gaskiya yana hana iyali zargin sihiri ko lalacewar tarbiyya, ya kuma ba su damar kare dukiya da mutuncin majinyaci. Duk wanda ya ga irin wannan sauyi ga ɗan'uwansa ya kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa.