Ore, 1967: Inda Akalar Yaƙin Basasa Ta Juya

Duk shekara idan 15 ga Janairu ta zagayo, aka ajiye furanni, aka saki tattabaru don tunawa da 'yan mazan jiya, sai tsohuwar gardamar nan ta sake tashi a majalisu: wane gumurzu ne ya karya lagon Biyafara? Wasu su ce faɗuwar Inugu, wasu su ce kama Fatakwal a watan Mayun 1968, wanda ya toshe wa 'yan tawaye hanyar teku. Ni dai ina tare da masu cewa Ore, garin nan na jihar Ondo da direbobin manyan motoci suka fi sani a matsayin wurin yada zango tsakanin Legas da Binin.

Lokacin da aka fara harbi a ranar 6 ga Yulin 1967, shugaban ƙasa Gowon bai ma yarda ya kira abin yaƙi ba, matakin 'yan sanda ya ce. Runduna ta ɗaya a ƙarƙashin Muhammadu Shuwa ta gangaro daga arewa ta kama Ogoja da Nsukka, dakarun Adekunle suka sauka Bonny ta ruwa, kowa na ganin makonni kaɗan ne a gama. Jihar Tsakiyar Yamma kuwa ta zaɓi zama 'yar ba-ruwanmu, gwamnanta David Ejoor bai so ƙasarsa ta zama fagen fama ba.

Da asubar 9 ga Agusta sai ga ayarin motocin sojojin Biyafara ya tsallako gadar Neja daga Anaca zuwa Asaba. Kafin rana ta faɗi sun shiga Binin kusan ba tare da an harba harsashi ba, domin akwai hafsoshi a barikin jihar da suka buɗe musu ƙofa. Ejoor ya sulale ya tsere, a kan keke kamar yadda aka daɗe ana ba da labari. Tsakanin Binin da Legas a ranar babu wata rundunar kirki.

Abin mamakin shi ne mutumin da Ojukwu, jagoran Biyafara, ya danƙa wa wannan aiki. Victor Banjo Bayarabe ne, injiniyan soja da ya yi horo a Sandhurst. Shugaban ƙasa Ironsi ya tsare shi bayan juyin mulkin Janairun 1966, yana kurkuku a Gabas har Ojukwu ya sake shi ya ba shi muƙamin birgediya. Lissafin Ojukwu shi ne idan Yarbawa suka ga ɗansu a gaban runduna za su tarbe shi da kiɗa, musamman da yake Awolowo, jagoran Yarbawa, ya taɓa cewa in aka bar Gabas ta ɓalle, Yamma ma za ta bi sahu. Amma kafin Agusta, Awolowo ya riga ya zama kwamishinan kuɗi a gwamnatin Gowon.

Sai Banjo ya tsaya a Binin kwana uku, yana ja-in-ja da Ojukwu a kan wanda za a naɗa ya riƙe jihar. Banjo na son wanda mutanen yankin za su amince da shi, Ojukwu ya kafe, daga ƙarshe ya naɗa Manjo Albert Okonkwo, likitan soja. Da ayarin ya sake motsawa ya isa Ore, mil 130 daga Legas, wajen 20 ga Agusta, ya tarar an karya gadoji, sojojin tarayya sun ja daga. Nan ya tsaya, bai ƙara gaba ba.

A nan riwayoyi suka rabu. Ta ɓangaren Ojukwu ta ce Banjo maci amana ne, da gangan ya ja ƙafa, sannan ya janye daga Binin ba tare da ya yi faɗa ba. A kan haka aka gurfanar da shi tare da Emmanuel Ifeajuna da Philip Alale da Sam Agbam, aka bindige su a Inugu kafin Satumba ta ƙare. Wannan riwaya ba ta gamsar da ni ba. Gaskiya ne Banjo na da tasa manufar. Bai taɓa zama ɗan a-raba na haƙiƙa ba, burinsa a kawar da Gowon da Ojukwu duka, ƙasa ta zauna ɗaya. Wole Soyinka ma ya shiga wannan yunƙuri, abin da ya ja masa zaman kurkuku a Kaduna. To amma ko da Banjo bai kwana a Binin ba, da me zai riƙe Legas da Badun? Mutanensa 'yan dubbai ne, da yawansu sabbin ɗauka, a motocin kasuwa, makamai ba su wadace su ba. Wanda ya aike shi bai ba shi guzurin tafiyar ba, daga baya ya ɗora masa laifin rashin isa.

Mu ma nan Arewa muna da tamu riwayar, wadda ke miƙa wa Murtala Muhammed nasarar gaba ɗaya. Ya cancanci kaso mai tsoka. Cikin 'yan kwanaki ya harhaɗa runduna ta biyu daga magatakarda da kukun bariki da tsofaffin sojoji, ya bar wasu suna riƙe da abokan gaba a Ore, ya zagayo da sauran ta Okene da Auchi ya faɗo wa Binin ta arewa. Ya shiga garin ranar 20 ga Satumba, Jamhuriyar Binin da Okonkwo ya shelanta ba ta fi kwana guda a duniya ba. Sai dai babban abin da Ore ta haifar na siyasa ne: Yarbawa da ƙananan ƙabilun Tsakiyar Yamma, waɗanda a da suke kallon rikicin a matsayin na Hausa da Ibo, suka ga wuta a ƙofar gida, suka yi tururuwar shiga soja. Gowon ya ajiye zancen matakin 'yan sanda ya shelanta cikakken yaƙi.

Abin da ya biyo baya ba duka ne abin alfahari ba. Inugu ta faɗi ranar 4 ga Oktoba. Ranar 7 ga wata dakarun runduna ta biyu suka kashe ɗaruruwan farar hula maza a Asaba, sannan yunƙurin Murtala na tsallaka Neja zuwa Anaca ya ci rayukan sojoji masu yawa. An ci gaba da yaƙi har Janairun 1970, amma tun daga Ore Biyafara ba ta sake kai farmakin da ya girgiza Barikin Dodan, mazaunin gwamnatin Gowon a Legas, ba.