Tagar da MINPACK Ta Buɗe, da Abin da Ya Shigo Ta Cikinta

A 1980, masana uku a cibiyar bincike ta Argonne da ke Amurka, Jorge Moré da Burton Garbow da Kenneth Hillstrom, suka fitar da MINPACK, wata taskar manhajojin lissafi da aka rubuta da harshen Fortran. Aikinta shi ne lalubo amsa ta hanyar gwaji bayan gwaji, abin da kan ɗauki lokaci. Mai jira kuwa yana son sanin inda aka kwana.

Don haka suka bar wata taga. Mai amfani ne ke rubuta ɗan shirin da taskar za ta riƙa kira. Idan ya sa lamba sama da sifiri a NPRINT, taskar kan kira shirin nasa lokaci-lokaci da alamar IFLAG a kan sifiri, domin ya buga rahoton ci gaba. Idan ya ga aikin ya kauce hanya, sai ya mayar da alamar ƙasa da sifiri, komai ya tsaya.

Sai dai tagar ba ta da gurbin da zai miƙa bayanansa na kansa. Mafitar zamanin ita ce COMMON, wato rumbu guda da kowane sashe na shirin ke iya ɗiba da zubawa. ODEPACK na Alan Hindmarsh ma a irin wannan rumbu yake ajiye bayanan aikinsa. Muddin lissafi ɗaya ke gudana, babu laifi.

Daga baya zamani ya juya. A 1995 aka kafa ƙa'idar POSIX ta raba shiri zuwa zaruruwa masu gudana lokaci guda, kuma wajen 2005 kwamfutoci masu ƙwaƙwalwa biyu suka fara cika kasuwa. Zare biyu suka koma rubutu a rumbu ɗaya, kowanne yana goge na ɗan'uwansa. Mafi muni, shirin ba lallai ya rushe ba. Yana iya fitar da lambobi masu kama da gaskiya alhali gurɓatattu ne. Shi ya sa SciPy ta daɗe tana gargaɗin kada a tafiyar da lissafi biyu na VODE a tare.

Gyaran ya zo da sauƙi. CVODE, magajin VODE a harshen C, da kuma cminpack, sun ƙara gurbi guda: mai amfani ya ba da adireshin bayanansa, taskar ta mayar masa da shi a kowane kira. Kowane lissafi da jakarsa.

Duk da haka, da sauran rina a kaba. Idan zaruruwa goma na kai rahoto ga ma'ƙirgi ɗaya, kulle shi nauyin mai rubuta shirin ne. Kafin ka amince da sandar ci gaba da ke tafiya a allonka, tambayi abu biyu: wane zare ne ke kira, kuma ina yake rubutawa?