Hoton da ke sauyawa idan an karkata shi

Katin nan da alhazai kan kawo tsaraba, wanda in ka karkata shi Ka'aba ta ɓace Masallacin Madina ya bayyana, aikinmu ne. Shafa fuskarsa da farce za ka ji kunya-kunya kamar ta gona. Kowane layi madubin roba ne siriri, a ƙarƙashinsa kuma an yayyanka hotunan an jera su bi da bi.

Dabarar ta girmi roba. A 1692 Bois-Clair, wani mai zane Bafaranshe, ya zana 'ya'yan sarkin Denmak biyu a kan katako mai ƙirar tudu da kwari, kowanne sai an tsaya ta gefensa ake ganinsa. Wani masani, Lippmann, ya kawo tunanin jera ƙananan madubai a 1908, Walter Hess na Suwizalan ya yi rajistar masu layi-layi a 1912. Amma wanda ya mai da abin abinci shi ne Victor Anderson na kamfanin Vari-Vue a Amurka, da bajon kamfen ɗin Eisenhower na 1952. A 1964 mujallar Look ta raba miliyoyin hoton Edison mai zurfi, Butan kuma ta fitar da kan sarki irinsa a 1967.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wahalar mannawa. A da, takarda ake bugawa daban, sannan a liƙa ta a bayan robar. Ta goce da kaurin gashi, sai hoton farko ya riƙa leƙowa cikin na biyu. Fatalwa muke ce masa. Shi ya sa a ganina babban juyin ya zo ne a shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ta karɓi yanka hotuna, aka kuma soma buga tawada kai tsaye a bayan robar.

Duk da haka roba tana miƙewa da zafi. Ko an rubuta layi 75 a inci ɗaya, mai hankali sai ya buga gwaji ya auna da kansa. Sabon shiga kuma nan yake faɗuwa: hoto mai zurfi dole layukansa su tsaya tsaye, don kowane ido ya ga nasa, mai sauyawa kuwa ya fi tsabta in an kwantar da su.